Da Fuskarka Na Ciki, Da Bai Yi Sanyi Ba

Wai fim ɗinmu maganin barci ne. Wai da za a kai shi asibiti da marasa lafiya sun huta da sayen ƙwaya. An turo mini hoton rubutun da safen nan, har da masu dariyar da suka jeru a ƙasa, kuma wallahi ya yi mini zafi. Ban kira sunan kowa ba, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Jama'ar garin nan dai kun san abin da ya faru lokacin da ake raba rol. Kun san wanda ya yi ta sintiri ƙofar gidanmu yana cewa shi ya dace da jarumin, kun kuma san ranar da ya daina amsa mini sallama. Saboda haka kada a ruɗe ku da batun fim ya yi sanyi. Laifin fim ɗin guda ɗaya ne, babu fuskar wani a ciki.

Eh, fim ɗin yana tafiya a hankali, kuma da gangan muka yi. Labarin saurayi ne mai ɗinkin hula da ya rage a ƙauye bayan kaka, sa'anninsa duk sun tafi ci-rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja tura baro. Yana son yarinyar da ba ta taɓa ce masa komai ba ban da "ina wuni", hankalinta na kan wani can daban. Son maso wani ke nan, to da gudu ake yin sa? Fitowar da ake ta zagi, inda yake zaune kan tsohon layin dogo yana ɗinki har rana ta faɗi bai furta ko kalma ba, mun ɗauke ta a gefen Ringim, kan layin Kano zuwa Nguru da aka shimfiɗa tun 1930. Duk wanda ya taɓa zama ƙauye cikin hunturu, majalisa ta watse, mai shayi ya rufe da wuri, daga tsofaffi sai yara, ya san haka yini yake ja. Ba mu ƙara masa komai ba.

An ce babu waƙa, babu rawa, babu mai faɗuwa a ba mutane dariya. Gaskiya ne babu. Masu yin rawa da waƙa a Kannywood sana'arsu suke yi, ni ma a kansu na taso, ina girmama su. Amma wadda ta ƙwace wa saurayin nan bacci ba ta taɓa kallonsa sau biyu ba, to da wa zai yi rawar? Da fuskar wani na ciki, wallahi da yanzu shirun nan shi ake kira basira.

Ranar da muka nuna shi a gidan kallo, samarin baya sun yi ta ihu a mayar musu da ƙwallo, wasu suka fice. Ban ji haushinsu ba, kuɗinsu suka biya. Amma waɗanda suka zauna fa? Da aka zo wurin da ake wucewa da kayan ɗakin yarinyar a kan amalanke, saurayin kuma yana taya ɗaura igiya don kada gadon ya zame, ɗakin nan tsit ya yi, sai ƙarar janareto. Washegari mai tura finafinai a waya ya ce mini matan aure ke aiko yara da memori a saka musu, yawancinsu waɗanda mazajensu ke kudu tun bayan girbi. Wani dattijo ya tare ni ranar Lahadi a kasuwar Gujungu ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce mini ya san irin wannan zaman. Su waɗannan ba sa rubutu a Facebook, shi ya sa ake zaton babu su.

Kai kuma, tunda abin ya kai haka, bari in daina kewaye-kewaye. Kana wurin. Na gan ka a bakin ƙofa, ka tashi tun kafin a je rabi, sai ga ka da dogon sharhi kan ƙarshen da ba ka gani ba. Wa ya ba ka labari? Akuyar mahaifiyata aka sayar muka yi hayar kyamara daga Kano. Yaran da suka fito ko sisi ba su karɓa ba, a kan babur muke ɗaukar kaya cikin ƙura, da azumin wasu a baki. Kai me ka taɓa haɗawa ya kai minti biyar? Ɗaura zani da murguɗa baki a TikTok shi ne ya mai da kai alƙalin fim? Da ka zo ka same ni ka ce sauti bai fita ba a fitowar bakin rijiya, da na saurare ka, don gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne. Amma ka bi dare ka tara yara ana yi mini dariya, har da sako yarinyar da ta fito a ciki, 'yar mutane da iyayenta suka ba mu amanarta. Wannan ban yafe ba, kuma ka cire sunanta daga bakinka.

Fim ɗin na nan a YouTube, ba za a rage masa ko daƙiƙa ɗaya ba. Ranar Juma'a bayan isha'i za mu sake nuna shi a gidan kallo, mata kuma an ware musu Asabar da la'asar a tsakar gidan mai unguwa. Na biyun ma mun fara rubutawa, ya fi wannan sanyi, kuma shi ma babu fuskarka a ciki.