Shafa sinadari a cikin tankin babur ba ya kashe tsatsa

Da yawa suna ɗauka cewa da zarar an zuba sinadarin shafe tanki an juya shi, tsatsa ta mutu. Ba haka ba ne. Sinadarin ƙarfe mai tsabta yake kamawa. In ya hau kan tsatsa ko ragowar mai, bayan 'yan watanni sai ya fara salewa kamar fatar maciji, ɓarɓashinsa ya toshe famfon mai da kafireta, babur ya riƙa mutuwa a hanya.

Wahalar aikin tana wajen wanki. A juye fetur, a cire famfon mai, a toshe ramin. A wanke da ruwan zafi da maganin maiƙo, sannan a zuba notunan da aka ƙidaya (don kada ɗaya ya maƙale) a girgiza har ɓawon tsatsa ya saku. Daga nan sai maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, a ɗauraye.

Bushewa ce ke kayar da mutane. Ɗigon ruwa a lungun ɗinkin walda ya isa ya ɓata komai, don haka a hura iska mai ɗumi, kuma kada a kusanto da wuta.

Sai a zuba sinadarin, a juya tankin ta kowane gefe, a tsiyaye ragowar don kada ya taru ya tsage. A tabbatar ramin iska bai toshe ba. Nau'in sinadarin da ake kira POR-15 yana buƙatar awa 96 ya bushe kafin a zuba fetur.