Daren da Kada Ya Tashi a Unguwarmu

Wasu mazan idan rayuwa ta ɗan daidaita kiwon tattabaru suke farawa, wasu su koma majalisar masu musun ƙwallo, wasu kuma su fara lissafin ƙarin aure. Ni jirage nake haɗawa. Ba irin wanda ɗalibin nan na Jami'ar Bayero ya ƙera a 2007 da injin tsohuwar mota har ya ɗaga daga ƙasa ba. Nawa na roba ne, a kwali suke zuwa gunduwa-gunduwa, sai ka zauna da reza da samfefa da gam da fenti ka tayar da su. Kamfanoni irin su Revell na Jamus da Tamiya na Japan da Zvezda na Rasha ke yin su, kuma a can dattawa masu furfura ke wannan aikin, ba mai ce musu kanzil. A Kano kuwa sai ka yi bayani. Maman Ummi ta haƙura da abin ne bisa dalili guda: ta ce namijin da ke zaune a falo yana manna farfela da matsefata ba zai je zance ba.

Wannan karon Mi-24 na samu, jirgin yaƙi mai saukar ungulu na Rasha, wanda ya fara tashi a 1969, ya yi suna a yaƙin Afganistan, kuma sojojin samanmu na Najeriya ma suna da shi da ƙanensa Mi-35. Sojojin Sobiyet Kada suke ce masa, duk wanda ya kalli hancinsa kuwa ya san ba sharri suka yi masa ba. Kujeru biyu ne ɗaya bayan ɗaya, maharbi a gaba, matuƙi a baya ya ɗan ɗara shi bisa, kowa da ƙoƙon gilashinsa. Ga wasu guntayen fukafukai masu ɗaukar makamai, cikinsa kuma yana cin soja 8. Ma'aunin nawa 1:48 ne, wato farfelar da a gaske ta haura mita 17 ta dawo santimita 36.

Da na tsaya a nan da yau ba ni da labari. Amma wani dare ina kwance na ga wani Bature a YouTube ya sa wa nasa fitilu. Ya kashe wutar ɗaki, sai ga ja ga kore a fukafukai, ga wata ja tana ƙyaftawa a kan jela, ga allon matuƙi yana haske. Na ji zuciyata ta ce: wannan mutumin da me ya fi ka?

Washegari ina Farm Centre wajen wani yaro mai gyaran waya. Na yi masa bayani, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Alhaji, na yaronka ne?" Na ce eh. Ya ciro min ƙananan ƙwayayen fitila na LED daga tsofaffin wayoyi da cajoji, wasu tsawonsu milimita 1 faɗinsu rabin haka, irin waɗanda idan suka faɗi kan kafet sai dai ka yi musu addu'a. Fitila mai ƙyaftawa kuwa daga motar 'yan sandan autanmu na ciro ta, bayan doguwar tattaunawa da ta ƙare da alkawarin keke.

Ƙwan farko na jona shi kai tsaye da batir mai bolt 9. Ya yi wani haske mai kyau da ban taɓa ganin irinsa ba, na tsawon ƙiftawar ido, sannan ya yi ƙauri ya koma ga mai shi. Na ce ƙwan ne ba shi da kyau. Na biyu ma ba shi da kyau, haka na uku. Da na koma da ƙorafi, yaron ya yi dariya har sai da ya ajiye ƙarfen dalmarsa.

"Alhaji, jan ƙwai bolt 2 yake ci. Ka ba shi 9. Ragowar 7 ɗin ina kake so ya kai su?"

Ya ɗauki biro ya rubuta min a bayan risit: a raba 7 da 0.02, wato yawan wutar da ƙwan ke iya ɗauka, a samu 350, don haka a sa rezista, ɗan abin nan mai rage wuta, mai om 470 don a zauna lafiya, kuma kowane ƙwai da tasa. Lissafin da malamin kimiyya ya kasa cusa min a sakandare, yaron da bai kai ƙanena na uku ba ya cusa min shi a tsaye, ana turereniya a bayana.

Sai aikin zura waya. Wayoyin siririya ce wadda in ka yi atishawa ta ɓata, kuma dole ka bi da ita ta cikin fukafuki ka fito da ita ta ciki, ka gangara da ita jela, duk kafin ka haɗe ɓarin jikin biyu. Ka narka dalma kusa da roba, hannunka ya ɗan karkace, ƙofar jirgi ta zama tarihi. Gilashin matuƙi kuma na manna shi da sufa gulu, da safe na tarar ya yi fari fat, don tururin gam ɗin yana kama gilashin roba. Ashe farin gam na kafintoci ake sa wa wannan wajen, shi da ya bushe ba a ganinsa. Na yini ina gogewa da man goge baki har matuƙin ya sake ganin gabansa. Fenti ban ma so in tuna: lokacin hunturu ne, kana shafawa ƙura na sa hannu.

Ranar gwaji na tara iyali a falo. Na sa Ummi ta kashe wuta, na danna makunni.

Fitilun sun kama. Sai dai ba su kaɗai ba. Jirgin gaba ɗaya ya kama, tun daga hanci har jela, yana wani ja-ja-kore-kore ta cikin fenti, har kana hango wayoyi da tabon gam da zanen yatsana a ciki. Robar nan ba ta tare haske. Sai ka shafe cikin jikin da baƙin fenti, shafi kan shafi, kafin ka rufe. Baturen bai faɗi wannan ba, ko kuma ya faɗa a wajen da na tsallake. Aka yi shiru, sannan Maman Ummi ta ce, "Baban Ummi, wannan ai ba jirgin yaƙi ba ne, fitilar mai tsire ce."

Na farke shi da reza, na baƙanta cikinsa, na mayar. A gwaji na biyu ban gayyaci kowa ba. Kuma wallahi ya yi kyau. Jikin ya yi duhu, fitilun suka tsaya ɗigo-ɗigo inda ya kamata, ta jelar tana ƙyaftawa a natse, allon matuƙi yana ɗan kore-kore. Abin da ya rage hoto, kuma hoton jirgi a kan tebur kusa da fulas ɗin shayi zubar da mutunci ne. Jirgi sama yake so.

Bayan sallar isha'i aka ɗauke wuta, unguwa ta yi baƙi ƙirin. Na ce madalla. Na hau saman bene da doguwar gorar da muke kakkaɓe yana da ita, na ɗaura Kada da zaren kamun kifi, na kunna, na miƙa gorar ta saman katanga na tokare ta da bulo, na ja da baya ina saita waya. Iskar hunturu na ɗan juya shi hagu da dama. Daidai nan maƙwabcina ya tayar da ƙaramin janaretonsa, wanda salansarsa ta mutu tun bara: tat-tat-tat-tat-tat.

A cikin duhu ido ba ya da abin auna girma. Abu mai santimita 36 a saman katangarka da abu mai mita 17 a can nesa duk ɗaya ne, in dai fitilun na inda suka dace. Wannan ruɗin shi kowane mai haɗa jirage yake nema, wasu su shekara ba su samu ba. Ni na samu a daren farko, har da sauti.

Na fara jin ƙarar benci ya faɗi a teburin mai shayi. Sai takun gudu, sai ƙofofi garam-garam, sai wata murya tana cewa a kashe tocila, a kashe tocila. Na leƙa ina neman abin da ya faru, har ina jin haushin za su ɓata min hoto. Can sai ga Maman Ummi ta hawo da gudu, waya a hannu.

"Baban Ummi, sauko! An sa a gurup ɗin matan unguwa, wai jirgin soja na shawagi a kan gidanmu!"

Ta ɗaga kai ta ga gora. Ta bi gorar da ido har ƙarshenta. Ba ta ce komai ba, ta juya ta sauka, na ji ta sa sakata a ɗakinta.

Kafin in janyo gorar, usur ya fara tashi ta ko'ina, 'yan sintiri sun fito. A cikinsu akwai wani matashi da ba ya rabuwa da danƙo, wanda ƙadangarun unguwar suka san shi sarai. Abin da mayaƙan Afganistan suka sha wahalar yi da makamai masu linzami, yaron nan ya yi shi da tsakuwa guda. Na ji ƙas! Kada ya yi juyi biyu, zare ya tsinke, ya sulala gidan Iya, tsohuwar da ke bayanmu. Aka yi kabbara a layi.

Iya ba ta gudu ba. Ta ga abu ya faɗo kusa da turken awakinta yana ƙyafta jan ido, ta ɗauko daron wanki ta kife shi, ta ɗora dutsen niƙa a kai, ta koma ta ci gaba da lazimi. Sai dai kafin ta kife, akuyarta ta riga ta ɗanɗana farfela ɗaya daga cikin biyar. Lokacin da na isa da silifas wari-wari, mutum ya fi ashirin a tsakar gidan, kowa ya ba daron tazara, jan haske na leƙowa ta ƙarƙashinsa yana ɗaukewa. Na ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, nawa ne." Shugaban 'yan sintiri ya haske min fuska ya ce, "Alhaji, naka ne me?"

Da safe aka hallara a zauren Mai Unguwa, aka ajiye Kada a kan tabarma a tsakiya. Mai shayi ya kawo ƙarar ƙwai rabin kiret da kofuna da mutum uku da suka gudu ba su biya ba. Iya ta ce akuyarta tun daren ba ta yi tuƙa ba. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, abin ado ne, ko tashi ba ya yi."

"To me ya kai shi sama?"

"Gora, ranka ya daɗe."

"Shekarunka nawa, Malam?"

Na faɗa. Ya jinjina kai ya ce Allah ya kyauta.

A nan ne Baba Soja, dattijon da ya yi ritaya daga sojan sama, ya matso ya ce a kunna masa. Na kunna. Ya sa tabarau, ya duba hanci, ya leƙa kujerun, ya ce ko launin cikin na samu, shuɗi-koren nan na jiragen Rasha. Kaina ya fara kumbura. Sai ya juya shi ya ce, "Amma ɗana, wa ya sa maka fitilun nan? Ja a hagu take, kore a dama, fara a jela. Dokar duniya ce, jirgin sama da na ruwa duka, don wanda ya hango ka da dare ya san inda ka dosa. Kai ka sa ja a dama."

Na ce, "Baba, a hagu take." Na nuna masa.

"Hagunka. Kana fuskantarsa ka jona. Hagun matuƙi ake nufi. Yadda ka yi shi, duk wanda ya gan shi a sama zai ɗauka tafiya yake alhali tahowa yake."

Mai shayi ya ce shi dai tahowa ya gani. Har yau ina ganin maganar tana da ja, don babu wanda ya rubuta a kwali hagun wa ake nufi, amma zauren Mai Unguwa ba wajen musu da soja ba ne.

Hukunci ya fito kashi uku. Na biya ƙwai da kofuna, na saya wa akuya dusa, sannan daga ranar ba zan ƙara kunna jirgi bayan magariba ba sai na sanar da shugaban 'yan sintiri ya ba da izini. Yaron danƙo kuwa aka yi masa ƙarin girma.

Na gyara farfelar da guntun robar katin waya, fitilun kuma suna nan yadda suke, don sake farke jikin nan sai wanda ya ƙoshi da hawan jini. Shekaranjiya abokan aikina suka zo cin abincin dare suka ce sai sun ga jirgin da ya tayar da unguwa. Na ɗauki waya na kira shugaban 'yan sintiri.

"Yau dai babu izini, Alhaji. Akwai hazo."

Na ce a falo fa zan kunna, a kan tebur.

Ya yi shiru, na ji yana shawara da wani a gefe. Sannan ya dawo: "To, minti biyar. A saki labule, kuma a kashe janareto."