Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: maganar Greenwood da masu kulob

Ni ɗan Manchester United ne tun zamanin Ferguson, don haka kada wani ya shigo ya ce adawa ce ta sa ni rubutun nan. Tun da kakar 2024/25 ta ƙare tsohon ɗan wasanmu Mason Greenwood ya tashi da ƙwallo 21 a Marseille a gasar Faransa, kunnen doki da Ousmane Dembélé na PSG, abokaina 'yan Chelsea da 'yan Arsenal suka hana ni sakat a teburin mai shayi. Maganar kullum ɗaya ce: "Malam, kun zubar da zinari, kun zauna kuna lallashin waɗanda ko babu gola ba za su ci ba." Na bar musu wannan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne: duk tsawon wannan dambarwa, masu kulob ɗin sun yi gum da bakinsu.

Ga wanda ya manta, a Janairun 2022 'yan sanda suka kama yaron bayan wasu hotuna da sautin murya sun bazu a intanet, United ta dakatar da shi nan take. A Oktoba aka tuhume shi da yunƙurin fyaɗe da duka da tursasa wa wata mace. Ya musanta. A Fabrairun 2023 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar, suka ce manyan shaidu sun janye, an kuma samu sabbin bayanai. A lura da kyau: kotu ba ta kama shi da laifi ba, ba ta kuma zauna ta wanke shi ba. Shari'ar ce ba a yi ba. Duk wanda ya ce maka ya san gaskiyar abin da ya faru a gidan nan, yana zaune a Fagge ko Tudun Wada, cika baki yake.

Daga nan United ta ce za ta yi nata binciken. Wata shida cur. A Agustan 2023 jaridar The Athletic ta fasa ƙwai cewa shugaban gudanarwa Richard Arnold na shirin dawo da shi. Gari ya ɗauki zafi, magoya baya mata suka yi zanga-zanga a Old Trafford, 'yan majalisa suka sa baki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda aka bari labari ya fita cewa za a ji ta bakin 'yan wasan ƙungiyar mata, alhali Mary Earps da Ella Toone da Katie Zelem suna can Ostireliya suna buga wa Ingila Kofin Duniya. Sai ga 'yan gaza-gani sun cika musu shafukansu da zagi da matsin lamba a kan hukuncin da ba nasu ba. Ranar 21 ga Agusta, washegarin wasan ƙarshe, kulob ya ce an rabu. Arnold ne ya rubuta wasiƙa ga magoya baya, shi ya sha suka, kafin shekara ta ƙare ya ajiye aiki.

To ina iyalan Glazer, waɗanda ke riƙe da kulob tun 2005? Suna Amurka, hankalinsu na kan cinikin hannun jari tsakaninsu da Sheikh Jassim na Katar da Jim Ratcliffe. Sanarwar kulob ma da bakinta ta ce hukunci yana hannun shugaban gudanarwa. Ma'aikaci ke nan, mai ɗaukar albashi, wanda gobe za a iya sallama.

Ga ra'ayina, kuma a kansa na tsaya. Tambayar wa zai buga lamba tara, wa zai zauna a benci, wane ɗan wasa ya dace da tsarin wasa, ta koci ce da daraktan wasanni, mai kulob ya cire hannunsa. Amma ranar da aka zo kan ɗan wasan da ɗaukarsa za ta raba kan magoya baya, ta kori masu talla, ta sa ma'aikata mata su ji an wulaƙanta su, magana ta tashi daga fili ta koma kan sunan gida, kuma sunan gida na mai gida ne. Shi ya kamata ya fito ya ce ni na yarda, ga dalilina, ko ni na ƙi. Abin mamaki, attajiran nan sun juya abin: inda ya kamata su kame nan suke kutsawa, inda ya kamata a gan su nan suke ɓuya.

'Yan Chelsea da ke tsokana ta sun fi kowa sanin kutsen. A 2006 Mourinho ya ci Firimiya sau biyu a jere, ga Drogba yana kan ganiyarsa, sai mai kulob na lokacin, Roman Abramovich, ya kawo Andriy Shevchenko daga AC Milan a kan kusan fam miliyan 30, don kawai yana ƙaunarsa. Gwarzon Ballon d'Or na 2004 ne, ba wanda ya musa, amma ya kusa shekara 30 kuma ba shi da gurbi a tsarin koci. Ƙwallo 9 kacal ya ci a Firimiya. A Satumban 2007 Mourinho ya tattara nasa ya nasa. Ba a ɗauki darasi ba: Janairun 2011 aka sake zuba fam miliyan 50 a kan Fernando Torres, bai ga raga ba sai a Afrilu, a wasa da West Ham. Wa aka kora? Carlo Ancelotti, mutumin da ya ɗauko musu Firimiya da Kofin FA shekara ɗaya kafin nan. Ban manta ba, a zamanin Abramovich sun ci Firimiya biyar da Kofin Zakarun Turai biyu, kuɗi ya yi aikinsa. Amma kwaɗayin mai gida koci ya biya.

Mu koma Faransa. Bayan zaman aro a Getafe ta Sifaniya, Marseille ta saye Greenwood a Yulin 2024 a kan kusan yuro miliyan 30. Magajin garin, Benoît Payan, ya fito fili ya ce bai yarda ba, wasu magoya baya suka yi ta kamfe a intanet. Kulob ɗin mallakar Ba'amurke Frank McCourt ne tun 2016, amma waɗanda suka zauna gaban 'yan jarida suna amsa tambayoyi masu ɗaci su ne shugaba Pablo Longoria da koci Roberto De Zerbi, wanda ya ce duk ɗan wasan da ya shigo hannunsa tamkar ɗansa ne, zai kare shi. Maganar koci ke nan, ban ga laifinsa ba. Sai dai tambayar da mutanen gari ke yi ta fi ƙarfin ofishinsa.

Inda na ga mai kulob ya fito da kansa, wani ƙaramin kulob ne a Sikotland, Raith Rovers. A ƙarshen Janairun 2022 suka ɗauki David Goodwillie, wanda wata kotun ƙararrakin jama'a ta yanke a 2017 cewa ya yi fyaɗe. Matar da ke ɗaukar nauyin rigarsu ta janye, kyaftin ɗin mata ta ajiye, daraktoci suka yi murabus. Cikin kwana uku shugaban kulob John Sim ya nemi afuwa da sunansa, ya ce sun yi kuskure, kuma Goodwillie bai buga musu ko minti ɗaya ba. Ihu bayan hari ne, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma aƙalla magoya baya sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Mu a nan gida, da yawancin kulob ɗin gasarmu na gwamnatocin jihohi ne, mun san irin wannan ta wata fuskar: a turo wa koci yaro da takardar wani babba, in an sha kashi a gida koci za a jefa da ledar ruwa.

Ratcliffe, in ba shi haƙƙinsa, da ya shigo United da hannun jarinsa a Fabrairun 2024 ya amsa tambayar da bakinsa, ya ce za a duba a yanke sabon hukunci. Hukuncin shi ne sayarwa. United ta karɓi kuɗin Marseille, ta kuma sa sharaɗin cewa duk ranar da aka sake sayar da Greenwood tana da kaso a ciki. Wato yaron da aka ce bai dace ya sa jar riga ba, kowace ƙwallo ya ci a Vélodrome, filin Marseille, farashinsa na hawa, rabon Old Trafford na ƙaruwa. A kan wannan sharaɗin ban ji wanda ya nemi jin ta bakin 'yan wasa mata ba.