Garanti Ya Ƙare, Sai Me?

Wai ni za a koya wa karatun kalanda. Laftof ɗin da na tara wa kuɗi na saya sabuwa fil a kwalinta ta ɗauke ɗif ina tsakiyar aiki. Ba ta faɗi ba, ruwa bai taɓa ta ba, ko cajar aro ban taɓa jona mata ba. Ta dai bari garanti ya wuce da 'yan makonni sannan ta mutu.

Na kai ta inda na saya, rasit a hannu. Na yi sallama, saurayin da ke kan kanta ya amsa a ciki, idonsa a kan waya. Na zayyana masa komai. Ya jawo rasit ɗin da yatsa biyu, ya dubi kwanan wata, ya turo mini abina.

"Baba, ai garanti ya ƙare."

"Na sani, ɗan samari. Amma ko buɗe ta ba ka yi ba."

"In za a buɗe, akwai kuɗin dubawa."

"To in an duba aka ga matsalar tun daga masana'anta ce fa?"

Sai a nan ya ɗago, da ɗan murmushin nan da ake yi wa wanda kansa bai waye ba. "Bod ɗinta ne ya tafi, babban allon ciki da komai ke haɗe a kai. Haka wannan samfurin yake yi, ba kai ne farau ba. Sababbi sun iso, in nuna maka?"

Ku ji fa! Da bakinsa ya ce haka samfurin yake yi. Wato sun san kayan na da ciwo, sun sayar, suka zauna suna lissafin ranar da zai fita daga wuyansu. Kuma don tsabar tausayi, a ba ni damar sake zuba wasu kuɗin a aljihu ɗaya. Madalla, Allah ya saka da alheri. Kafin in haɗa bakina ya riga ya ce wa na bayana, "Hajiya, me ake buƙata?"

Ba yau aka fara ba, kowa ya san nasa. Batirin da ke kumbura har ya ɗaga madannai, murfin da ke tsagewa a gindi, kayan ciki da aka liƙe da dalma yadda ɗan ƙaramin abu zai lalace a ce sai an canza bod gaba ɗaya, kuɗin gyara ya kusa kamo na sabuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suka mai da garanti tamkar nan haƙƙin mai saye ya tsaya. Garanti alkawari ne da kamfanin ƙera kaya ya ɗora wa kansa, shi ya yanka wa'adinsa, yawanci wata 12. Cinikina kuwa da mai sayarwa na yi shi, kuma duk inda doka ke da haƙora, shi ke da alhakin kayan su yi ƙarko gwargwadon kuɗinsu. Wane mai hankali ne ke sayen kwamfuta don shekara ɗaya?

A Birtaniya, dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ce in kaya suka nuna matsala a wata 6 na farko, ana ɗauka da ita suka zo, sai in mai shago ya tabbatar da akasin haka. Bayan nan mai saye ne zai kawo hujja, misali rahoton mai gyara mai zaman kansa, amma ƙofar ƙara a buɗe take har shekara 6 a Ingila, 5 a Sukotlan. Ƙasashen Tarayyar Turai sun tilasta wa mai sayarwa aƙalla shekara 2, Sifaniya ta mai da nata 3 tun 2022. Kamfanonin nan kuma sun iya gyara bayan garanti in wuta ta kai musu: a 2018 Apple ya amince zai riƙa gyara madannan wasu kwamfutocinsa kyauta har shekara 4 daga ranar saye, bayan jama'a sun yi masa ca.

To ina hukumomin da ake biya albashi don kare mu? Ranar 15 ga Maris, ranar haƙƙin masu saye ta duniya, za ka gan su da riguna da huluna iri ɗaya, a yi jawabi, a ɗau hoto, a watse. Kai ƙorafi, a ba ka fom, fom ɗin ya tsufa a aljihun tebur. Mu ma da namu: kana ɗaga murya a shago, waɗanda aka cuta jiya ne za su fara ce maka "yi haƙuri, ƙaddara ce". Ƙaddarar da mai shago ya riga ya san samfurinta?

A 2011 hukumar Italiya ta ci Apple tarar Yuro 900,000 saboda bai fayyace wa masu saye cewa doka ta ba su shekara 2 kyauta ba, yana tallata musu ƙarin garanti na kuɗi. Don ɓoye bayani kawai ke nan. Ni ban ma kai ga neman tara ba. A tilasta wa kowane mai sayar da kwamfuta ya rubuta a jikin rasit shekara nawa yake da alhakin kayansa bayan garantin kamfani, da lambar ofishin da zai ɗaga waya in an kira.