Ranar da 'yan aji biyu suka ƙi cafe ni

Ni dai tun farko ban taɓa cewa na iya rawa ba, wannan a rubuta a ajiye. Ko a bikina da abokai suka ingiza ni tsakiyar fili tsayawa na yi ƙiƙam kamar falwaya ina ta murmushi har mai kiɗan ya gaji ya ce a kawo wani. PHE, wato ilimin motsa jiki da lafiya, na karanta a NCE kuma ƙwallo ce ta kai ni, na ɗauka rayuwata za ta ƙare da usur a baki ina raba yara gida biyu ina zama a inuwa. Da na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi can wajen Ɗorayi haka aka yi ta yi, zango na ɗaya lafiya, na biyu lafiya, sai a zango na uku hedimasta ya miƙo min sikim, wato jadawalin darussa, na 'yan aji biyu na ga sati uku cur an ware wa motsi bisa kiɗa. Tafiya, gudu, tsalle, langa da ƙafa ɗaya, sukuwa irin ta doki, duk a kan bugu guda, daga nan kwaikwayon dabbobi, a rufe da wasannin gargajiya masu waƙa. A makaranta mun yi wannan kwas ɗin, na tuna sarai, amma a takarda muka yi shi, na haddace na zuba musu na ci.

Kafin in fara Hajiya mai makarantar ta kira ni ofis. Ta ce Malam ka ji tsoron Allah kar kalmar rawa ta fita daga bakinka a gaban yaran nan, ka san iyayenmu, yaro ɗaya ya je gida ya ce yau an koya mana rawa gobe sai mun rasa kai goma. Na ce to ranki ya daɗe me zan ce musu? Ta ce ka ce motsa jiki mai tsari. Kuma maza gefe mata gefe. Na tambaya ko za a sayo mana ɗan ƙaramin kalangu a Kurmi, ta kalle ni ta saman tabarau ta ce nan makaranta ce ko mahauta? Ta fi ni gaskiya ta wani wajen, kalangu ai kiɗan mahauta ne tun asali, sai na ja bakina na yi shiru.

Don haka da kaina na haɗa kayan aiki. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 wadda gindinta ya fashe, gwangwanayen madara guda shida da na zuba wa tsakuwa na liƙe da salatif, da muciyar uwargida wadda na fita da ita a ɓoye cikin jakar lesin not. Har na ɗaura wa kaina gwangwani biyu a ƙafa don na taɓa kallon 'yan Koroso na Gidan Ɗan Hausa, da kacau-kacau ɗin nan a ƙafafunsu suna takawa ƙasa na amsawa, na ce to ai abin ba wuya, ƙara ce kawai.

Ranar Talata bayan an dawo daga tara, ƙarfe sha ɗaya, ranar nan ta farkon watan Mayu da ke sa kwalta laushi, na fito da yara 41 fili. Minti 35 gare ni. Minti goma sun tafi wajen jera layi da raba faɗan wani da aka taka wa takalmi.

Na ce kowa ya kalle ni, ƙafar dama tukuna. Na ɗaga dama. Yara suka ɗaga hagu, gaba ɗayansu, saboda ina fuskantarsu, damata tana saitin hagunsu, abin da babu littafin da ya taɓa faɗa min kenan. Na ce ba wannan ba ɗayar, rabi suka canza rabi suka tsaya, wani kuma ya yi ƙoƙarin ɗaga duka biyun ya zauna daɓas. Na juya musu baya don mu daidaita, ai kuwa juyawar da na yi kamar an buɗe kasuwa, kafin in waiwayo maza uku sun fara dambe wata ta tafi shan ruwa.

Sai muka zo kan ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ina dukan jarka da muciya, usur a baki, ina so in ƙirga ina so in busa, gwangwanayen ƙafata kuma suna nasu kiɗan daban wanda ba shi da alaƙa da abin da hannuna ke yi. Wallahi ni kaina na ji akwai matsala amma na kasa gane daga ina take. In na ce ɗaya jarkar ta riga ni, in na ce uku ƙafata tana biyu. Yara suka yi cirko-cirko, wasu na tafiyar sojoji wasu na tsalle kamar an zuba musu garwashi. Baba maigadi da ke zaune a gindin darbejiya ya rage muryar rediyonsa ya gyara zama, wai shi ya samu abin kallo kyauta.

Na ce to a bar wannan mu koma kwaikwayon dabbobi. Kowa ya yi tafiyar agwagwa. Nan na yi babban kuskure domin ban ce banda kuka ba. Cikin daƙiƙa biyar filin ya zama kasuwar 'yan kaji, ga agwagi ga zakaru ga wani da ya yanke wa kansa hukuncin zama jaki, yana harbi da ƙafa yana kuka da iya ƙarfinsa, har antin aji huɗu ta leƙo ta taga ta ce Malam don Allah muna jarrabawar gwaji.

Ina tsaye ina share gumi sai wata 'yar firit, ba ta fi shekara bakwai ba, haƙoran gabanta biyu duk sun fita, ta ɗaga hannu ta ce Onkul kai ne kake ɓatawa. Na ce me? Ta ce kiɗan naka ba ya tafiya. Kafin in yanke shawarar ko in yi fushi ko in yi dariya ta juya wajen ƙawayenta ta buga tafi, tas tas, tas, ta ja waƙar gaɗa, sauran suka amsa da ayye yaraye. Jama'a ku zo ku ga ikon Allah. Yaran da na yi minti ashirin ina fama da su su ɗaga ƙafa ɗaya tare, sai ga su sun yi da'ira, tafi ɗaya, taku ɗaya, jiki na karkata lokaci guda kamar da igiya aka ɗaure su, ba wanda ya ƙirga ko ɗaya balle huɗu. Mazan da aka ce su tsaya gefe, ɗaya ya karɓe muciyar daga hannuna ko sannu babu, ya kifa jarkar ya fara ba su kiɗa, yaron da ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai, amma hannunsa a kan jarkar nan kamar wanda ya shekara yana tashe. Ya kuwa shekara, daga baya ya gaya min duk azumi in an kai goma ga wata shi ke riƙe wa yayyensa gwangwani.

To da mai hankali ne ni sai in koma gefe in naɗe hannu in ce yawwa, abin da nake nufi kenan. Amma girman kai na malanta ya hana. Na ga suna yin wannan salon na gaɗa da yarinya za ta shiga tsakiya ta yi rawa ta juya ta saki jiki ta faɗo da baya, sauran su cafe ta su cilla ta ta dire a kan ƙafarta, duk a kan kiɗa. Sai na ce a raina ai ga darasi nan, daidaita jiki da yarda da juna, har ma na fara tsara yadda zan rubuta shi a lesin not. Na busa usur na ce ku tsaya, ba haka ake sakin jiki ba, kuna lanƙwasa gwiwa, bari in nuna muku. Nufina in ɗan karkata kaɗan in dawo. Na shiga tsakiya, aka ɗauki tafi, mai jarka ya ƙara wuta, kuma ban ɓoye muku ba karon farko a rayuwata na ji kamar ƙafata ta hau kan kiɗa, daɗi ya ɗebe ni, na juya na buɗe hannuwa na saki jiki gaba ɗaya.

Kilo 88 nake. Su kuma masu cafewar 'yan shekara bakwai ne, kuma Allah ya ba su hankalin da ni ya hana ni a ranar. Suna ganin inuwata na tahowa suka dare gida biyu. Tim! Gwangwanayen ƙafata suka fashe tsakuwa ta watse, usur ɗin da ke bakina ya yi wata 'yar ƙara fiit shi kaɗai, ƙura ta tashi, ina kwance ina kallon sama ina jin kamar an raba bayana da ƙuguna. Abin haushin ma mai jarka bai tsaya ba, ya ɗauka cikin wasan ne, faɗuwata ta zo daidai kan bugu sai ya ƙara mata da wani.

Da ƙurar ta lafa abin da na fara gani takalmin fata ne mai sheƙi da gefen babbar riga. Ashe Hajiya ce ke zagayawa da wani Alhaji da ya zo duba makarantar zai kawo 'ya'yansa uku. Ya leƙo fuskata ya ce Malam lafiya, ko farfaɗiya ce? Ina daga kwance na ce a'a ranka ya daɗe, motsa jiki ne mai tsari. Hajiya ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Baba maigadi ne ya ɗaga ni, yana cewa sannu ɗan nan, sannu, amma ai ko buhun gero ba a jefa wa yara haka.

A Daidaita Sahu na koma gida a karkace, kowane rami sai na yi salati. Uwargida ta shafa min man zafi tana tambayar ina muciyarta, da na ba ta labari ta yi dariya har da hawaye ta kira yayarta a waya ta sa ni in maimaita. Muciyar dai ta tsage, tuwon daren ranar da ludayi aka tuƙa shi ya yi gudaji kuma ni aka ɗora wa laifi.

Sauran sati biyun ban ƙara ƙirga komai ba. Ina zuwa da kujera, 'yar firit ta ba da waƙa, mai jarka ya yi kiɗa, ni kuma in ce yanzu da gudu, yanzu da langa, yanzu a hankali, suna bi tsaf. Alhajin ya kawo yaran nasa, ban san dalili ba. Sunana kuma ya tashi daga Onkul PHE ya koma Onkul Tim, har 'yan nazare da ba su ga abin ba haka suke kira na a bakin get.

Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo na tambaye su su kawo motsi huɗu da ake yi bisa kiɗa. Mai jarka ya rubuta tafiya, gudu, tsalle, faɗuwar onkul. Na daɗe riƙe da jan biro a kan takardar, sannan na ba shi uku da rabi.