'Yan Sitowa ba duwatsu ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka falsafar Sitowa ita ce mutum ya murtuke fuska, komai ya same shi ya ce ko a jikinsa. Gaskiya ba haka ba ne, kuma ni wannan fahimtar tana ban haushi.

Sunan ma daga wata rumfa ya fito a kasuwar birnin Atina na ƙasar Girka, inda Zeno, wanda ya kafa wannan falsafar, yake koyarwa wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Aulus Gellius, wani marubucin Rum, ya ba da labarin wani malamin 'yan Sitowa da guguwa ta rutsa da su a jirgin ruwa, fuskarsa ta canza don tsoro, da aka tambaye shi daga baya ya ce faɗuwar gaba ta farko ba a hannun kowa take ba, abin da ke hannunka shi ne hukuncin da za ka yanke bayanta.

Kuma ba naɗe hannu suke yi ba. Markus Aureliyus, wanda shi ma ɗan Sitowa ne, ya mulki Rum daga 161 zuwa 180 bayan haihuwar Annabi Isa, ga annoba ga yaƙi a bakin kogin Danube, ya binne 'ya'yansa da dama, amma yana rubuta wa kansa tunatarwa cewa ya tashi da safe ya kama aiki.