Jiki yana sahu, zuciya tana Mile 12

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Legas, na Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago.

Sau nawa mutum yake yin sallama bai san surar da liman ya karanta ba? Jiki yana sahu, zuciya tana wajen motar albasa da ba ta iso kasuwar Mile 12 ba, ko kuɗin da aka ce an turo har yanzu alat bai shigo ba. A hadisin Ammar ɗan Yasir, bawa yakan idar da sallah ba a rubuta masa sai ushurinta (kashi ɗaya cikin goma), wani rubu'i, wani rabi. Farkon Suratul Mu'minun kuwa masu khushu'i a sallarsu ta fara ambata cikin waɗanda suka rabauta.

Kuskurenmu shi ne neman natsuwa bayan kabbarar harama. Ruwan rafi sai ya jima a randa yake kwanciya, haka zuciyar da ta fito daga hayaniyar kasuwa da cunkoson danfo. Ba zuciyar minti goma kafin iƙama. Duk lissafin da ya rage, bashi ne ko kiran da za ka mayar, rubuta shi a takarda ka ninke. Abin da ba a rubuta ba zuciya ce take dakonsa, kuma a raka'a ta biyu za ta sauke maka shi. Waya a kashe ta gaba ɗaya, domin ko jijjiga ɗaya ta yi a aljihu, sauran sallar tunanin wanda ya kira ne.

Kada ka shiga da yunwa alhali abinci yana gabanka, ko kana matse fitsari. Nana A'isha ta ruwaito hani a kan duka biyun. In an tayar da sallah kana nesa, taho da tafiyarka, ban da gudu, abin da ya wuce ka sai ka cika. Mai haki ba ya jin abin da yake karantawa. A gida kuma matsa nesa da janareta da talabijin. Annabi (SAW) da kansa ya mayar wa Abu Jahm mayafi mai zane saboda ya ɗauke masa hankali a sallah, to ina ga darduma mai ado kala biyar?

Aikin gaske yana cikin Fatiha. Karanta ta aya-aya, ka ɗan tsaya a ƙarshen kowace. Ya zo a hadisi ƙudusi cewa in bawa ya ce "Alhamdu lillahi Rabbil alamin", Allah yana cewa "Bawana ya gode mini", haka har ƙarshen surar. Wannan 'yar tsayuwar ta sauraron amsa ce. Sannan a riƙa sauya sura. Harshe ya haddace Ƙulhuwallahu har yana karanta ta ba da sanin mai shi ba, shi ya sa zuciya take samun damar fita yawo. Ɗauki gajeriyar sura ɗaya a mako, tambayi malamin unguwa ma'anarta, ka yi sallah da ita. A ruku'u da sujada bari gaɓɓai su zauna kafin ka fara tasbihi, sau uku ba gaggawa. Mutumin da ya yi sallah babu wannan natsuwa sau uku Annabi yana ce masa ya koma bai yi sallah ba.

Duk da haka tunani zai zo. Kada ka tsaya faɗa da shi ko zargin kanka, wannan ma wata tafiyar ce. Koma kan kalmar da take bakinka kawai. In ya yi yawa, yi abin da aka koya wa Usman ɗan Abil As game da Khinzab, shaiɗanin da yake rikita mai sallah: a'uziyya da tofi mara yawu sau uku ta hagu, a hankali, kada ka cutar da na gefenka.

Wanda yake sallah shi kaɗai ya rikice tsakanin raka'a uku da huɗu, ya ɗauka uku ce, ya ƙaro ɗaya, ya yi ba'adiyya. Wanda kuwa kokwanton yake zo masa kullum, malamanmu na Malikiyya sun ce ya yi watsi da shi kada ya ƙaro komai, sai dai ya yi ba'adiyyar bayan sallama.